Za'arur ta Ingila, ta Sin ko ta Larabawa: wacce zaka dasa a bayan gida in 'ya'yan kake so?

Ƙanina da ke zaune a Hamburg ne ya kira ni ranar Lahadi, ko gaisawa bamu gama ba yace Yaya wai wace bishiya ce na gani a hoton da ka turo ta yi jajawur kamar an shanya mata barkono, nima ina so, mun samu gida mai ɗan fili a baya. Nace masa kai dai tsaya tukuna, kar ka yi irin gaggawar da na yi, don ni sai da na share kusan shekara biyar ina jiran 'ya'yan da ba za su ciyu ba kafin na gane ba ita ya kamata in dasa ba. Maganar ta ci mana kusan awa ɗaya a waya, shi ne nace bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya ko wani zai amfana, musamman mu da Allah ya kawo ƙasashen sanyi kuma hannu bai daina ƙaiƙayin noma ba.

Turawan Ingila hawthorn suke ce mata, to in ka ce zaka rubuta sunan yadda yake fita a bakinmu sai ya koma "hoton", kaga an shiga ruɗani kenan, shi yasa na ari sunan da Larabawa ke kiranta da shi, za'arur. Turkawa na cewa alic, mutanen Iran zalzalak, 'yan Sin kuma shanja. 'Yar uwar tuffa ce, danginsu ɗaya da furen wardi, kuma iri-irinta sun kai ɗaruruwa. Sunan da zaka gani a jikin takardar da ake rataya wa dashe shi ne Crataegus, sai kuma kalma ta biyu da ke bi masa, kuma wallahi wannan kalmar ta biyun ita ce duk rigimar, ita ce ban karanta ba ranar da na yi sayayya.

Bari in fara da wadda ta ci amanata, ta Ingila, Crataegus monogyna. Ita ce wadda kake gani a gefen gonaki in ka hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa arewa, duk shingen nan masu duhu da ke raba gona da gona galibinsu ita ce. An ƙiyasta cewa tsakanin 1750 zuwa 1850, lokacin da masu ƙasa ke killace filayen da a da na kowa ne, an dasa shinge mai tsawon mil dubu 200 a Ingila, kuma yawancinsa da wannan bishiya aka yi. To kaga tun asali aikinta tare tumaki da shanu ne, ba ciyar da mutum ba. Kuma aikin nata ta iya shi ba ƙarya. Ƙayarta gajera ce, kamar santimita ɗaya zuwa biyu, amma tauri gare ta kuma rassan a cukuɗe suke, in ta yi shekara huɗu ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta ratsa. Bata zaɓen ƙasa, ko yumɓu ne ko tsakuwa ko gefen titi mai hayaƙin mota, iska bata dame ta ba, ƙanƙara bata dame ta ba. Araha kuma kamar banza, don ana sayar da ita a ɗaure kamar itacen girki, 'yan sanduna masu tsayin santimita 60 zuwa 90 da saiwarsu a waje babu ƙasa, daga Nuwamba zuwa Maris. Kuɗin aurarriyar bishiya guda ɗaya, wato wadda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wata, zai iya saya maka ashirin ko fiye na waɗannan, kuma abun da ya ruɗe ni kenan, naga araha na kwaso goma sha biyar na jera a jikin katangar baya.

A watan Mayu take huda, fari fat kamar an watsa mata auduga, har Turawan suna kiranta da sunan watan. Kyau kam akwai shi. Amma warin fa? Akwai wani sinadari a furen mai suna tirimetilamin, shi ne dai wanda ke fita a jikin kifi in ya fara lalacewa, ƙudaje yake kira su zo su yi mata barbara. Wani hancin zai ji ƙamshi mai nauyi wani kuma zai ji ƙarni, maman yara dai tana cikin na biyun, shekarar da suka fara fure tace Malam ko dai wani ɓera ne ya mutu a bayan kicin. Su kansu tsofaffin Turawa suna da camfin cewa ba a shigo da furenta cikin ɗaki. Don haka ko wacce ka zaɓa kar ka dasa ta dab da tagar ɗakin kwana.

Sai 'ya'yan. Girmansu kamar kurna, santimita ɗaya ko ƙasa da haka, ja mai duhu, suna nuna a Satumba zuwa Oktoba. In ka gatsa, ƙwallo ɗaya ne ƙato ya cika cikin, shi ne ma ma'anar monogyna ɗin, sai ɗan nama siriri rawaya mai gari-gari, ba zaƙi ba tsami, kamar ka tauna danyen dankalin da ya kwana. Ba guba ba ne, ana ci, maƙwabcina wani dattijo da ya haura tamanin yace suna yara har sabon ganyenta suke tsinka su ci a hanyar makaranta, kuma akwai masu dafa 'ya'yan da ruwan khal da sukari su yi wani abu kamar ketchup. Na gwada sau ɗaya, na cika roba, na dafa, na tace a rariya har hannuna ya gaji, abun da na samu bai cika kwalba ɗaya ba. Tsuntsaye kam sun gode min, duk hunturu suna nan suna walima.

Akwai kuma wani abu da masu shinge basu cika faɗa maka ba. Ita za'arur a tsohon reshe take fure, wanda ya kwana shekara, ba a sabon toho ba. In kana yi wa shingen aski duk shekara don ya yi kyau a ido to kana aske furen baɗi ne, ba zaka ga 'ya'ya ba sai tsilli-tsilli. Sai dai ka riƙa bari shekara biyu ko uku kafin ka datse, lokacin nan kuma ta yi buzu-buzu ta leƙa gidan maƙwabci. In ka ƙyale ta gaba ɗaya zata iya haura mita goma. Kuma a kula da wata 'yar uwarta da ake sayarwa don ado, Crataegus laevigata, musamman mai jan fure cunkus da ake kira Paul's Scarlet, ita wannan kusan bata 'ya'ya ma sam, kwalliya ce zalla.

To ta biyu, wadda ƙanin nawa ya gani a hoto, ita ce ta Sin, Crataegus pinnatifida, kuma ba kowace ba, wadda aka ƙara wa kalmar major a ƙarshen suna, ma'ana mai manyan 'ya'ya. A nan Ingila irin da aka fi samu sunansa Big Golden Star, a Amurka kuma akwai Red Sun. Ita wannan amfanin gona ce ta gaske a arewacin Sin, a lardunan Shandong da Hebei da Henan da Shanxi da Liaoning gonaki guda ake yi da ita kamar yadda ake gonar mangwaro ko gwaiba a wajenmu, an daɗe ana zaɓen irinta saboda ci, shi yasa bambancin yake kamar na magaryar daji da tuffa. 'Ya'yan sun kai girman babbar ɗinya, santimita biyu da rabi zuwa uku, ja mai haske da 'yan ɗige-ɗige a fatar, ciki akwai ƙwallaye uku zuwa biyar amma akwai nama sosai a kewaye. Ɗanɗanon tsami ne, ba zan ɓoye maka ba, tsami mai kama haƙori, in ka san tsada ko agwalumar da bata gama nuna ba to wajen nan ne, sai dai akwai ƙamshin tuffa a bayansa. Mu da muka tashi da tsamiya da zoɓo da kwaɗon yakuwa wannan ba abun tsoro ba ne, yarana dai da gishiri da yaji suke ci, ni na koya musu.

Su 'yan Sin abun da suka fi yi da ita shi ne wata alewa da ake kira tanghulu, a jera 'ya'yan a tsinke kamar tsire a tsoma a narkakken sukari ya daskare ya yi ƙyalli kamar gilashi, a lokacin sanyi ake sayarwa a titunan Beijing. Sukari ne da ruwa kawai, ba abun da zai sa musulmi ɗar-ɗar. In ka shiga shagon 'yan Sin a kowane babban gari zaka ga wasu 'yan faya-fayan alewa sirara masu ruwan hoda an naɗe su kamar kwabbai, da ita ake yi. Suna kuma yanka ta su shanya su riƙa jiƙawa kamar shayi bayan an ci nama mai maiƙo. Mu a gida maman yara ta gano cewa in ta jefa kamar goma a tukunyar zoɓo yana ƙara masa kauri da wani ɗanɗano, kuma jam ɗinta yana kamawa da kansa ba sai an ƙara komai ba saboda tana da sinadarin nan mai sa abu ya yi kauri da yawa a jikinta. Abu ɗaya dai, kar a cika ciki da danyarta da safe ba a ci komai ba, likitoci a arewacin Sin sun saba ganin masu zuwa da dunƙulen da ya taru a ciki saboda haka, irin wanda kanyar Turawa, wato persimmon, ke jawowa.

A wajen girma ma ta fi dacewa da ƙaramin fili. Tana tsayawa a mita huɗu zuwa shida, kuma da almakashi zaka iya riƙe ta a mita uku yadda hannu da ɗan tsani za su kai. Ƙaya kusan babu, tawa sai ka yi nema kafin ka ga ɗaya, wannan kuma babban abu ne ga mai ƙananan yara masu buga ƙwallo a bayan gida, don ƙayar ta Ingila ta taɓa huda min takalmi ta shiga tafin ƙafa sai da wurin ya kumbura kwana uku. Ganyenta manya ne masu yatsu, in kaka ta yi sai su koma ja da ruwan lemu. Guda ɗaya ta isa, tana yi wa kanta barbara ba sai ka nemo mata abokiya ba, duk da in akwai wata za'arur a kusa kamun ya kan ƙaru. Sanyi kuwa ai 'yar gida ce, inda ta fito hunturunsu ya fi na Jamus da Ingila tsanani nesa ba kusa ba. Aibinta biyu ne a ganina. Tsada, da wuyar samu, don ba zaka shiga kowane shagon kayan lambu ka ganta ba, sai wajen masu sayar da dashen 'ya'yan itace na musamman, kuma in baka yi oda da wuri ba tun wajen Satumba ko Oktoba sai ka tarar ta ƙare. Sannan bata yin shinge, in tsaro kake nema ba ita ba ce.

Ta uku ita ce za'arur ɗin ainihi mai sunan, ta Larabawa, Crataegus azarolus. Kalmar azarolus ɗin ma daga az-za'arur ta fito, ta bi ta Sifen da Italiya ta shiga bakin Turawa. Gidanta kewayen tekun Bahar Rum ne, Sham da Lebanon da Falasɗinu da Tunisiya da Aljeriya da Sisili da Kubrus, har zuwa Iraƙi da Iran. In maganar daɗin ci a hannu ce kai tsaye daga bishiya to ita ce gaba, ba ma a haɗa su. 'Ya'yan kamar santimita biyu, akwai rawaya akwai ruwan lemu akwai ja, ƙwallo biyu ko uku, ɗanɗano kamar ƙaramar tuffa mai zaƙi da ɗan tsami kaɗan. Na fara cinta ne a hannun wani abokin aikina ɗan Aljeriya da ya dawo daga hutu, ban san na cinye rabin ledar ba. A Kubrus jam suke yi da ita, a Turkiyya kuma irin waɗannan 'ya'yan ake zura wa zare kamar carbi a rataya a wuya ana talla.

To me ya hana ni dasa ta? Rana. Ita bishiyar duwatsu ce da fari, tana son ƙasa mai farar ƙasa a ciki wadda ruwa baya kwanciya, tana son zafi mai tsawo kafin 'ya'yan su yi zaƙi. Sanyin hunturu bai cika kashe ta ba, zata rayu a Ingila, amma a nan arewa inda watan Yuli ma sai ka ɗauki rigar sanyi, sai ta yi fure ta kama 'ya'ya kaɗan su ƙi nuna yadda ya kamata. Ga ta da nawa wajen girma, ga ƙaya tana da ita ko da bata kai ta Ingila ba. Wanda yake Italiya ko Sifen ko kudancin Faransa, ko 'yan uwanmu da ke karatu a Turkiyya da Kubrus in sun samu wurin zama, su kam kar su ma kalli ta Sin, wannan ce tasu. Wanda yake kudancin Ingila ko kudancin Jamus kuma yana da katanga mai fuskantar kudu da rana ke duka tun safe zai iya gwadawa, amma gwaji ne, ya sa a ransa wata shekarar a samu wata a rasa. In kuma zaƙin kake kwaɗayi a wuri mai sanyi akwai wata daga Amurka, Crataegus arnoldiana, tana nuna da wuri kuma tana da daɗi, sai dai ƙayarta dogaye ne kamar allurar ɗinkin buhu, ni dai da yara ba zan ajiye ta ba.

Ƙanin nawa da ya ji batun tsada sai yace to Yaya ka aiko min da ƙwallayen mana in shuka. Nan ma sai da na yi dariya. Ƙwallon za'arur taurin kai gare shi, sai ya sha ɗumi sannan ya sha sanyi na watanni kafin ya farka, sau da yawa sai ya yi wata goma sha takwas a ƙasa ba labari. In ya fito kuma ka jira shekara biyar zuwa takwas kafin ka ga fure, sannan babu tabbas zai ɗauko uwarsa, yadda dai in ka shuka ƙwallon aurarren mangwaro zaka iya tashi da mai zare. Aurarriya kuwa tawa a shekara ta biyu ta yi 'ya'ya bakwai, na ƙirga su, a ta huɗu muka cika bokiti. Kuma dan Allah kar wani ya saka dashe a akwati ya tsallaka da shi iyaka, Ingila da Tarayyar Turai duka suna neman takardar shaidar lafiyar tsiro, za a ƙwace a filin jirgi, kuma da dalili, cuta ake gudu.

Wajen dasawa duk ukun kusan hanya ɗaya ce. A nemi inda rana ke samu aƙalla awa shida, a inuwa zata rayu amma 'ya'ya sai a hankali. Lokacin da ta zubar da ganye tana barci ake dasawa, Nuwamba ya fi min saboda ƙasa da sauran ɗumi, amma har Maris ana yi in dai ƙasar bata daskare ba kuma bata jiƙe sharkaf ba. In saiwar a waje take ka jiƙa ta a bokiti kamar awa ɗaya, ka haƙa rami mai faɗi ba mai zurfi ba, kuma ka tabbatar gaɓar auren, wurin nan da ya ɗan kumbura a ƙasan gindi, tana sama da ƙasa, kar ka binne ta. A kafa mata sanda a ɗaure saboda iska, a zuba ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace a kewaye amma kar ya taɓa jikin gindin. Ka zaɓi wurin da kyau tun farko don tana zura saiwa ƙasa sosai, in ta kafu bata son a tashe ta. Ban ruwa a shekara biyun farko ne, bokiti guda a sati in an yi kwanaki ba ruwan sama, bayan nan ta iya da kanta. In shinge ne da ta Ingila, layi biyu ake yi a karkace, kamar guda biyar a kowace mita.

Taki kuwa a yi hankali, nan ne mu 'yan arewa hannunmu ke da nauyi, mun saba masara sai da yuriya. Ita in ka ɗura mata takin zamani sai ta yi ta fitar da toho mai laushi, shi kuma wannan tohon shi ne abincin babbar cutar da ke damun duk dangin tuffa, wadda nake kira cutar ƙuna don reshen sai ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, kansa ya lanƙwashe kamar sandar makiyayi, ganyen ya bushe amma ya ƙi faɗuwa. Ƙwayar bakteriya ce mai suna Erwinia amylovora, daga Amurka ta fito, an fara ganinta a Ingila a 1957 a yankin Kent. A nan Ingila ba maganin fesawa da mai lambun gida zai saya, yankewa ake yi, a sauka kamar santimita 30 ƙasa da inda cutar ta tsaya, in babban reshe ne 60, a goge almakashi ko zarto da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka, kuma kar a zuba reshen a cikin takin gida. Duk ukun tana kama su, babu wadda zan ce maka ta tsira. Saboda ita ne ma wasu ƙungiyoyin lambunan haya a Jamus suka hana dasa za'arur kwata-kwata, don haka na ce wa ƙanina ya karanta dokar wurin, in gidan haya ne kuma ya tambayi mai gida, ya kuma duba ko akwai dokar da ta ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin bishiya da iyakar maƙwabci.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Akwai tsatsa mai sa ɗigon ruwan lemu a ganye da 'ya'ya, wadda ke yawo tsakanin za'arur da junifa, wata bishiya mai siraran ganye da bata zubar da su ko a hunturu, in akwai junifa a kusa to a sa ido. Darɓa kan taru a sabon toho a bazara, ni ruwa kawai nake watsa musu da tiyo. Aski a ƙarshen hunturu ake yi kafin ta farka, a cire matattun rassa da masu gogar juna a buɗe tsakiyar iska ta shiga, shikenan, ba a yi mata ƙwal-kwabo. Abun da ya fi muhimmanci ga mai aurarriya shi ne duk tohon da ya fito daga ƙasan gaɓar auren a fizge shi tun yana ƙarami, domin galibi a kan gindin ta Ingila ake aura su, in ka yi sakaci sai uwar gindin ta fi ƙarfin amaryar ka wayi gari da bishiyar ƙaya. Kuma akwai doka a kan lokacin datsa, a Jamus an hana babban sara na shinge daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, a Ingila kuma dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da ake amfani da ita, ga shi za'arur tsuntsaye na son yin gida a cikinta.

Mutanenmu na Amurka, musamman na Houston da Atlanta da kewaye, ku lissafinku daban ne, zafinku da damshinku ba na ta Sin ba ne. Kuna da taku 'yar ƙasa da ake kira mayhaw, a fadamu da bakin rafukan Louisiana da Jojiya da gabashin Texas take fitowa, tana nuna tun ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, bata buƙatar sanyi mai yawa kuma bata damu da ƙasa mai riƙe ruwa ba, har a kwalekwale ake kwasar 'ya'yanta in sun zubo kan ruwa a yi jam. A Meziko kuma akwai tehokote mai 'ya'ya rawaya, ta kan tsaunuka, jihar Puebla ce ta fi nomanta, da ita suke dafa abun shansu mai zafi na lokacin Kirsimeti.

Na san wani zai tambaya to a Kano fa, ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram? Gaskiya kar ka ɓata kuɗinka. Waɗannan ukun sai sun yi barcin hunturu na ɗaruruwan awoyi a sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 kafin su yi fure, sanyinmu na Disamba da Janairu da muke ƙudundune a bargo muna jin wuta bai kai nan ba sai jefi-jefi da asuba. Ko a Jos da Mambila, wadda yanayin gidanta ya fi kama da can ita ce ta Meziko, ba ta Sin ko ta Ingila ba. Kuma ma me zaka nema, bayan Allah ya bamu magarya da kurna, ƙaya ce, shinge ne, 'ya'ya ne, ga ganyen da amfaninsa kowa ya sani. In manyan 'ya'ya kake so akwai aurarriyar magarya da ake kira tuffar Sahel, irin Indiya ne kamar Gola ake aurawa a kan gindin magaryarmu ta daji, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta.

Sai batun magani, don na san da an ji sunan za a ce ai ita ce ta ciwon zuciya. Eh, a Turai musamman Jamus ana sayar da ƙwayoyi da shayin ganye da furenta a kantin magani don zuciya, an daɗe ana yi. Amma mai shan maganin hawan jini ko na zuciya irin digoxin kar ya haɗa da kansa sai ya tambayi likitansa, don suna iya karo. Na ruwa a kwalba kuma a karanta jikinsa, da yawansu a barasa ake jiƙa su. Ƙwallayen kuma a tofar, kar a tauna, irin na tuffa ne.

Da muka zo ƙarshen wayar ƙanin nawa yace to Yaya a taƙaice dai wacce? Nace filinka mita nawa ne, yace bai fi shida a biyar ba, ga yara biyu, ga Hamburg da ruwa da iska. Nace ta Larabawa ta fita, rana bata ishe ta ba a wajenku, ta Ingila ma ta fita tunda ba tumaki kake tarewa ba kuma katanga kuna da ita, ka nemi pinnatifida major aurarriya 'yar shekara biyu, ka karanta takardar da kyau har kalma ta ƙarshe kafin ka biya. Yace zai yi magana da mai gidan cikin satin nan, in ya yarda zai sa oda a kawo masa a Nuwamba. Ni kuma goma sha biyar ɗin nan na jikin katanga suna nan, maman yara ta ce in tumɓuke su, na duba saiwar na duba ƙayar nace a bar wa tsuntsaye.